Ba Girin-Girin Ba, Ta Yi Mai: Darasi Daga Tsofaffin Shafukan Masoya Kiɗan Rok

Duk wanda ya ga irin shafukan intanet da masoya makaɗan rok na Amurka da Ingila suka riƙa ginawa tsakanin 1994 da 2000, abin da zai fara zuwa masa shi ne dariya. Bango baƙi ƙirin, rubutu kore shar ko ja wur, kalmomi na ƙyaftawa kamar fitilar motar asibiti, ga hoton wuta yana ci a kowace kusurwa, ga ɗan akwati a ƙasa yana ƙirga baƙin da suka leƙo. Masu tsara shafuka na yau kan kawo su misali idan suna son nuna wa ɗalibai yadda ba a yin aiki. Ni kuwa ra'ayina shi ne an yi wa waɗannan shafuka gurguwar fahimta. An auna su da ma'aunin ado, alhali darajarsu tana cikin abin da suka tattara. A nan kuwa ɗalibin harshe yana da abin koyo.

Da farko, ya kamata mai karatu ya san halin da aka gina su a ciki. Yawancin masu ginin ɗalibai ne da matasa, waɗanda suka koya wa kansu rubutun HTML ta hanyar leƙen aikin wasu. Kamfanin GeoCities, wanda aka kafa a 1994, yana ba kowa 'yan megabait kaɗan kyauta, ya kuma rarraba shafukan unguwa-unguwa. Unguwar masoya rok ita ce SunsetStrip. Ta layin tarho ake shiga intanet a lokacin. Da modem mai gudun kilobit 28.8, hoto guda mai nauyin kilobait 100 yakan ɗauki kusan rabin minti kafin ya gama buɗewa. Saboda haka dole hotuna su zama ƙanana, dole rubutu ya fi komai yawa. Wannan takura ita ta sa mai shafi ya san cewa idan ba shi da abin faɗa, to babu abin da zai riƙe baƙonsa.

To, me suka tattara? Abu na farko shi ne matanin waƙoƙi. Ƙungiyar R.E.M. ta yi suna da mawaƙin da ba a cika jin kalmominsa sosai ba a faya-fayensu na farko, kuma ba ta buga cikakken matanin waƙoƙinta a jikin faifai ba sai a 1998, a faifan Up. Kafin nan masoya ne ke zama da kaset, su saurara, su maido baya, su sake saurara, su rubuta abin da kunnensu ya ji, wani ya zo ya gyara musu. Duk ɗalibin da aka taɓa ba shi aikin juyar waƙar baka daga kaset zuwa takarda ya san wahalar wannan aiki, ya kuma san yadda kalma ɗaya ke hana mutum barci.

Abu na biyu shi ne tarihin wasanni. Masoya ƙungiyar Phish ta Amurka sun riƙa rubuta jerin waƙoƙin da aka rera a kowane dare, da garin, da zauren, da ranar, da waƙar da aka daɗe ba a rera ba. Wannan aiki ya kai ga littafi, The Phish Companion, wanda gidauniyar masoyan mai suna Mockingbird ta fitar a 2000, ana kuma sa kuɗinsa a koyar da yara kiɗa. Abu na uku shi ne yadda ake kaɗa waƙa da jita. Taskar OLGA, wadda ta faro a 1992, ta tara dubban irin waɗannan bayanai, an rubuta su da layuka da lambobi kawai, babu launi babu hoto. Mummuna ce a ido, amma matasa da yawa da ita suka koyi jita.

Haka kuma waɗannan masoya sun nuna cewa haɗuwarsu tana da ƙarfi. A 1997 masoya ƙungiyar Marillion ta Ingila sun tara kusan dala 60,000 ta intanet domin ƙungiyar ta samu zuwa wasa Amurka, tun kafin irin wannan karo-karo ya zama ruwan dare.

Ba za a ce babu aibi ba. Akwai matanin da aka ji ba daidai ba, wani ya kwafa daga wani, kuskuren ya yaɗu har ya zama kamar gaskiya. Akwai jita-jita da aka rubuta ba tare da an faɗi inda aka samo ta ba. Akwai kuma batun haƙƙin mallaka, wanda ba ƙaramin abu ba ne, domin mawaƙi da guminsa yake ci. A watan Mayu na 1997 masu kula da harkokin ƙungiyar Oasis sun ba shafukan masoya kwana 30 su cire hotuna da sauti da matanin da ba su da izininsa. A Janairun 1999 'yan sanda a Suwizalan sun ƙwace kwamfutocin wata babbar taskar matanin waƙoƙi, International Lyrics Server. OLGA ma, bayan an sha rufe ta ana buɗewa, ta rufe baki ɗaya a 2006 sakamakon barazanar shari'a daga masu buga waƙoƙi. Mai haƙƙi yana da hujja. Sai dai abin lura shi ne, a lokacin da aka rufe waɗannan taskoki, ba a yi tanadin wani abu da ya kai su yalwa ba. An rushe rumbu ba a gina wani ba.

Game da kuskure kuwa, shafukan kirki a cikinsu sun fi wasu manyan shafukan yau gaskiya. Mai shafi yakan sa alamar tambaya a baitin da bai tabbatar ba, ya kawo ji biyu ko uku, ya ambaci wanda ya aiko da gyara da ranar da aka gyara. Wannan ita ce ɗabi'ar manazarci. Shafin da kamfani ya tsara wa ƙungiya yakan fi kyan gani nesa ba kusa ba, amma manufarsa sayar da sabon faifai ce, da zarar an fitar da wani sai a share na da. Mai so kuwa ba ya share komai, har waƙar da mawaƙin kansa yake jin kunyarta.

Darasi mafi ɗaci shi ne yadda aikin ya salwanta. Yahoo ya sayi GeoCities a 1999 kan kuɗi sama da dala biliyan 3, ya kuma rufe shi a Oktoban 2009. Ba don 'yan sa-kai na Archive Team da taskar Internet Archive sun yi rige-rigen kwafe abin da suka iya ba, da aikin shekara 15 ya bi ruwa gaba ɗaya. A 2019 MySpace ma ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙi kimanin miliyan 50 da aka ɗora tsakanin 2003 da 2015. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Wanda ya ajiye guminsa a gidan wani, ranar da mai gida ya tashi, shi ma ya tashi.

Daga ƙarshe, ina kira ga 'yan uwana ɗalibai. Aikin da waɗancan matasa suka yi wa makaɗansu shi ne irin wanda malamanmu, kamar Ɗandatti Abdulƙadir da Sa'idu Muhammad Gusau, suka yi wa waƙoƙin baka na Hausa: saurare, juya, tantance rana da wuri, da adanawa. Yau masu ɗora waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo a intanet suna da yawa, amma kaɗan ne ke rubuta matani, ko su faɗi wanda aka yi wa waƙar da lokacin da aka ɗauke ta. Idan za mu ɗora, mu haɗa da matani cikin daidaitacciyar Hausa da ƙa'idojin rubutunta, mu sa alama inda muke shakka, mu nemi izinin masu haƙƙi, mu kuma ajiye kwafi a ɗakin karatun sashe. Kyan shafi yana iya biyo baya.