Turawa Sun Sayar Da Rijiyoyin Mai, 'Yan Gida Sun Saya: Wa Zai Biya Kuɗin Ɓarnar?

Ranar 13 ga watan Maris na shekarar 2025 kamfanin mai na Shell ya ba da sanarwar cewa ya kammala sayar da reshensa da ke haƙar mai a kan tudu da cikin fadamun yankin Neja Delta, wato SPDC, ga wani gungun kamfanoni biyar da suka haɗu a ƙarƙashin suna Renaissance. Huɗu daga cikinsu na 'yan Nijeriya ne: ND Western da Aradel da First E&P da Waltersmith, na biyar kuwa shi ne Petrolin. Kuɗin cinikin dalar Amurka biliyan 1.3 ne, tare da wani ƙari da zai iya kai jimillar zuwa biliyan 2.4. Da wannan sanarwa aka rufe wani dogon zamani da ya faro tun 1956, lokacin da Shell-BP ya haƙo mai a Oloibiri, cikin Jihar Bayelsa ta yanzu, har aka fitar da jirgin farko na ɗanyen mai zuwa ƙasashen waje a 1958.

Ba Shell kaɗai ya yi haka ba. A watan Agusta na 2024 kamfanin Eni na Italiya ya miƙa reshensa na Agip ga Oando a kan dala miliyan 783. A watan Disamba na wannan shekarar kuma Seplat ya karɓi reshen ExxonMobil mai haƙa a bakin tekun Akwa Ibom, cinikin da aka ƙulla tun Fabrairun 2022 a kan dala biliyan 1.28. Cikin wata takwas ke nan manyan kamfanoni uku suka sauke wani babban ɓangare na kayansu a hannun 'yan ƙasa. Wasu sun yi murna, suna cewa 'yancin da aka samu a 1960 sai yanzu ya iso bakin rijiya. To, amma kafin mu shiga guɗa, ya kamata mai karatu ya san abin da aka saya, da kuma abin da aka gada tare da shi.

Tun da aka kafa kamfanin mai na ƙasa a 1971, wanda ya zama NNPC a 1977, yawancin man da ake haƙowa a kan tudu ya riƙa fitowa ne ta hanyar haɗin gwiwa tsakanin gwamnati da Turawa. A tarayyar da Shell ya jagoranta kafin cinikin, NNPC yana da kashi 55 cikin ɗari, Shell 30, Total na Faransa 10, Agip 5. A ta Mobil da ta Chevron a wancan lokaci, NNPC yana da 60, baƙon yana da 40. Tsarin kamar na mutane ne da suka haɗa kuɗi suka noma gona guda: kowa zai kawo rabonsa na kuɗin iri da taki da 'yan ƙwadago, in an yi girbi kowa ya ɗauki gwargwadon abin da ya zuba. Sai dai mutum ɗaya ne ke riƙe da garma, shi ke ɗaukar ma'aikata, shi ke ba da kwangila, shi ke rubuta lissafi. Ko da yake gwamnati ce mai kaso mafi tsoka, baƙon ne mai gudanarwa. Abin da Renaissance ya saya shi ne kashi 30 ɗin nan na Shell, tare da garmar.

Wannan tarayya ta daɗe tana ciwo. Gwamnati takan kwashe rabonta na mai ta sayar ta kashe kuɗin, in lokacin zubi ya yi sai a ce babu. Bashin zubin ya taru har a ƙarshen 2016 aka zauna da kamfanonin aka daidaita a kan dala biliyan 5.1 da za a biya a hankali. Abokin tarayyar da ba ya kawo nasa a kan lokaci shi ke sa a jinkirta sauya tsohon bututu da gyaran tsohuwar rijiya. Ga kuma ɓarayin mai masu huda bututu, waɗanda suka kai ƙasar da ta taɓa haƙo fiye da ganga miliyan 2 a rana ta faɗo ƙasa da miliyan 1 a watannin Agusta da Satumba na 2022. Ga shari'o'i a Turai: a 2015 Shell ya yarda ya biya mutanen Bodo fam miliyan 55 saboda malalar mai, a Janairun 2021 kuma kotun ɗaukaka ƙara a Hague ta ɗora wa reshensa na Nijeriya alhakin biyan diyya ga manoman da suka kai ƙara, aka ƙare da yuro miliyan 15 a 2022.

Ke nan Turawan ba ƙasar suka bari ba. Wurin da ke da wahala suka bari. Shell yana nan daram a can cikin zurfin teku, a filin Bonga da ya fara ba da mai a 2005, har ma a Disambar 2024 ya yanke shawarar zuba sabon jari a Bonga ta Arewa. Yana kuma riƙe da hannun jarinsa a kamfanin iskar gas na NLNG da ke Bonny. A can tsakiyar ruwa babu ƙauye, babu gona, babu mai huda bututu da dare, kuma yarjejeniyar wata iri ce dabam: kamfani ne ke zuba kuɗin duka, ya fara cire abin da ya kashe, sa'annan a raba saura da gwamnati.

Gaskiya ne akwai alheri a cikin cinikin. Ɗan gida yakan kula da ƙaramar rijiyar da babban kamfani ya raina, domin ita ce dukan abin da yake da shi. Ribar da ya samu kuma ta fi yiwuwa ta kwana a cikin ƙasa. Bugu da ƙari, aikin mai ba haƙa ba ne kawai. Bayan kowace ganga akwai ɗaruruwan 'yan kwangila: masu walda, masu shimfiɗa bututu, masu jiragen ruwa, masu dafa wa ma'aikata abinci, masu inshora, masu gadi. A da manyan ayyukan duk na kamfanonin waje ne irin su Schlumberger da Halliburton da Saipem. Dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2010 ta tilasta a fifita 'yan ƙasa wajen kwangila da ɗaukar aiki, ta kafa hukumar NCDMB mai hedkwata a Yenagoa, ta kuma sa ana cire kashi 1 cikin ɗari na kowace kwangila domin asusun tallafa wa kamfanonin gida. Wasu daga cikin mutanen da ke shugabancin kamfanonin da suka yi sayayyar nan sun koyi aikin ne a kamfanonin Turawan. Ba za a ce ba su san hannunsu ba.

Inda damuwar take shi ne wajen kuɗi da wajen ɓarna. Ta fuskar kuɗi, wani ɓangare na sayayyar da rance aka yi shi. Shell da kansa ya bayyana cewa zai ba masu sayen rancen da zai kai dala biliyan 1.2. Hausawa kuwa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Mun ga irin wannan a baya: kamfanonin gida da suka sayi rijiyoyi da bashin banki lokacin da ganga ta haura dala 100 sun shiga uku da farashin ya faɗo ƙasa da dala 30 a Janairun 2016, bankunan da suka ba su rance kuma suka kwana da zullumi. Kamfanin da banki ke bi bashi, in kuɗi ya shigo, bankin zai fara biya, gyaran bututu ya jira. Hukumar NUPRC mai kula da haƙar mai ta ƙi amincewa da cinikin Shell a watan Oktoba na 2024. Bayan wata biyu sai aka ji an amince, ba tare da an baje wa jama'a dalla-dalla abin da ya sauya a tsakani ba.

Ta fuskar ɓarna kuwa, lissafin ya fi kuɗin cinikin nesa ba kusa ba. A 2011 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahotonta a kan ƙasar Ogoni, inda Shell ya daina haƙa tun 1993, ƙasar da aka rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a kanta ranar 10 ga Nuwamba 1995. Rahoton ya ce gyaran zai ɗauki shekara 25 zuwa 30, kuma ana bukatar dala biliyan 1 don shekaru biyar na farko kawai. A Nisisioken Ogale an samu mutane suna shan ruwan rijiya mai ɗauke da gubar benzin ninki 900 bisa abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi. Ogoni kuwa ƙananan hukumomi huɗu ne kacal. A 2023 kwamitin da Jihar Bayelsa ta kafa a ƙarƙashin tsohon Akbishop na York, John Sentamu, ya ƙiyasta cewa jihar ita kaɗai tana bukatar dala biliyan 12 cikin shekara 12. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma wanda ya ci ladan shekara kusan saba'in ya miƙa askar ga wani, kuma ba mu da tabbacin sabon wanzamin yana da abin sayen sabulu.

Kada kuma a ɗauka cewa zama ɗan gida yana hana malala. Kamfanin Aiteo ya sayi filin OML 29 daga tarayyar Shell a 2015. A watan Nuwamba na 2021 wata rijiyarsa a Santa Barbara, yankin Nembe, ta fashe ta yi ta feshin mai da gas fiye da wata guda kafin a toshe ta. Bambancin shi ne, manomin da Shell ya ɓata wa gona yana iya bin uwar kamfanin har London ko Hague. Wanda ɗan gida ya ɓata wa kuwa, kotunanmu kawai ya rage masa, kuma kowa ya san yadda shari'a ke tsufa a cikinsu.

Wataƙila mai karatu a Kafanchan ko Biliri ko Numan zai ce wannan rigimar mutanen kudu ce. Ba haka ba ne. Kuɗin da ake rabawa kowane wata a Abuja tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi, wanda daga cikinsa ake biyan malamin firamare da ma'aikaciyar asibitin karkara, babban ɓangarensa daga waɗannan rijiyoyi yake fitowa, bayan an cire kashi 13 cikin ɗari na jihohi masu mai kamar yadda tsarin mulkin 1999 ya tanada. In sababbin masu rijiyoyin suka gaza, albashi ne zai yi jinkiri a nan. In kuma suka karye suka bar ɓarnar, daga baitulmalin kowa da kowa za a ɗebi kuɗin sharewa.

Mutanen Filato ma ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. Shekaru da dama kamfanonin Ingila, babbansu ATMN, sun haƙi kuza a Bukuru da Barikin Ladi da kewayen Jos. Da dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta zo a 1972, kasuwar kuza ta duniya kuma ta rushe a 1985, masu arzikin suka watse. Abin da ya rage shi ne kududdufai masu zurfi a tsakiyar gonaki, waɗanda suka ci rayukan mutane da dabbobi, ba kuma wanda za a kama a ce ya cike su. Ciniki ya wuce, rami ya zauna.

Har ila yau, mai ya matso kusa da mu. A 2019 NNPC ya ba da sanarwar samun mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a watan Nuwamba na 2022 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya je ya ƙaddamar da aikin. A 2020 aka fara shimfiɗa bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, wanda ya ratsa gonakin mutane da yawa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Dokar man fetur ta 2021 ta wajabta wa kowane kamfani ya zuba kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanarwarsa na shekarar da ta gabata a asusun garuruwan da yake aiki a cikinsu, ta kuma wajabta masa ajiye kuɗi na musamman don rufe rijiya da kwashe ƙarafa in aiki ya ƙare. Amma dokar ta ce in aka yi ɓarna da gangan a yankin wani gari, za a cire kuɗin gyara daga rabon garin. Dagatai da masu unguwa da ƙungiyoyin ci gaban gari a Alkaleri da Akko ya kamata su san waɗannan sassa kafin a kawo musu takarda a ce su sa hannu.

Saboda haka akwai abubuwa uku da ya dace 'yan majalisarmu na tarayya su nema, mu kuma mu tambaye su in sun zo gida. Na ɗaya, a buga sharuɗɗan da aka amince da kowane ciniki a kansu, musamman sashen da ya faɗi wanda zai biya kuɗin tsohuwar ɓarna. Na biyu, hukumar NUPRC ta riƙa bayyana kowace shekara nawa ne a cikin asusun rufe rijiyoyi na kowane kamfani, da bankin da kuɗin yake. Na uku, NNPC, wanda har yanzu shi ne mai kaso mafi girma a kowace tarayya, ya riƙa biyan zubinsa a kan lokaci, ya daina fakewa a bayan mai gudanarwa in mai ya malala, domin mai kashi 55 na riba shi ne mai kashi 55 na alhaki.

Mallakar rijiyoyinmu da hannunmu abu ne da iyayenmu suka yi fata tun kafin a haifi yawancinmu, kuma muna yi wa waɗanda suka ɗauki nauyin fatan nasara. Sai dai ranar da bututu zai fashe a gonar wata gwauruwa a Nembe, ko nan gaba a Kolmani, za ta so ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa, da kuma ko akwai kuɗi a bayan ƙofar. Wannan amsar ce gwamnati ba ta ba mu ba tukuna, kuma ita ya kamata mu ci gaba da nema.