RA'AYI: Idan ganga ta cika zaƙi: DJ, jar fitila da kunnuwan baƙi

A watan jiya na halarci liyafar bankwana da wani darakta da ya yi ritaya, a wani ɗakin taro a nan Abuja. An ƙawata wuri, abinci ya wadata, manyan baƙi sun hallara a kan lokaci. Amma da aka saki kiɗa, sai kowa ya koma magana da hannu. Wani dattijo da ke kusa da ni ya daure kamar rabin awa, daga nan ya ɗauki sandarsa ya fice, bai tsaya jin jawabin tsohon abokin aikinsa ba. Ni kuwa har na isa gida kunnena na kuka, kamar an rufe sauro a ciki.

Kafin in tafi na zagaya bayan teburin DJ. Fitilun na'urarsa ta haɗa sauti, wadda suke kira miksa, duk sun tsaya cak a kan ja. Da na nuna masa, sai ya yi murmushi ya ce, "Yallaɓai, ai haka mutane ke so." Wannan amsa ita ce tushen matsalar. Mun saba ɗaukar ƙara a matsayin shaidar kayan aiki masu kyau, alhali sau da yawa shaida ce ta cewa mai riƙe da kayan bai san aikin maɓallin farko ba.

Duk waƙar da ta shiga miksa ƙofa uku take bi. Ta farko ita ce ɗan maɓallin murɗawa da ke can saman kowane layi, wanda masu sana'ar ke kira gen ko tirim. Aikinsa daidaita ƙarfin da waƙar ta zo da shi. Ta biyu ita ce feda, 'yar sandar da ake turawa sama da ƙasa don shigo da waƙa ko janye ta. Ta uku ita ce masta, mai yanke yawan sautin da zai tafi ga amfilifaya da lasifiku. Ta farkon ce aka fi wulaƙantawa, kuma ita ce uwar sauran.

Dalili kuwa shi ne waƙoƙi ba ƙarfinsu ɗaya ba. Tsohuwar waƙar Mamman Shata ko Ɗan Maraya Jos da aka kwafo daga kaset ba za ta zo da tsawar waƙar da ta fito daga sutudiyo bana ba, domin ta zamani an matse sautinta an ɗaga shi tun wurin haɗawa. Ga kuma waɗanda suka yi ta yawo daga waya zuwa waya, kowace da yadda aka kwafe ta. Gwanin DJ yakan fara sauraron waƙa ta gaba a abin kunnensa, ya nemo inda ta fi ƙarfi, ya murɗa gen har fitilu su riƙa wasa a kan kore suna ɗan taɓa ruwan ɗorawa, sannan ya shigo da ita. Ta haka waƙar da ke fita da mai shigowa ke haɗuwa kafaɗa da kafaɗa. Wanda bai yi haka ba, wata waƙar za ta nutse, wata ta faɗo wa mutane kamar aradu, shi kuma ya kwana yana bin su da masta. Manhajoji irin su Serato da rekordbox da VirtualDJ suna ƙoƙarin daidaita wannan da kansu, amma ba su ɗauke wa ido da kunne aikinsu ba.

Kowace na'ura tana da rufin da sauti ba ya wucewa. Idan aka tura shi fiye da nan, sai saman igiyar sautin ya gutsure, murya ta dusashe, kiɗa ya riƙa karce kunne. Abin da jar fitila ke faɗa ke nan. Ma'aikacin ofis ya san wannan daga injin hoto-kwafi: idan asalin takarda ya dagule da tawada, ko ka faɗaɗa kwafin ko ka rage shi, dagulen na nan. Haka sautin da ya lalace a gen. Rage masta zai rage ƙararsa ne kawai, ba zai wanke shi ba. Irin wannan gurɓataccen sauti kan ƙona ƙananan lasifikun da ke fitar da siririyar murya, asarar ta koma kan mai kaya. Kuma da yake waƙa biyu idan suka haɗu ƙarfinsu taruwa yake yi, haka ma idan aka ƙara dundumin bes, dole a bar sarari tsakanin sauti da rufi tun farko.

Lasifika dai ana sayen wata. Kunne fa? Cibiyar NIOSH ta Amurka mai kula da lafiyar ma'aikata ta sa iyakar desibel 85 na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1. A kan 100, minti 15 ne kacal. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar sauti ga wuraren shagali, ta ce matsakaicinsa kada ya haura desibel 100, ta kuma yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. Ƙwayoyin da ke can cikin kunne masu karɓar sauti idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Kukan da kunne ke yi bayan biki ƙorafinsu ne, kuma idan aka yi ta maimaitawa yana iya zama na dindindin.

Shi kansa DJ bai tsira ba, kuma shi ne na ƙarshen sani. Kunnen da ya sha ƙara na awa biyu yakan gaji, sai mai shi ya ji kamar kiɗan ya ragu, ya sake murɗawa. Ga shi kuma galibi a bayan lasifiku yake tsaye, inda ba ya jin abin da na gabansu ke sha. Gwano ba ya jin warin jikinsa. A fili, duk ninka tazara daga lasifika yana rage kusan desibel 6, ke nan idan aka tura sauti don na ƙarshen ɗaki ya ji, teburin gaba ne ke biyan kuɗin, kuma a nan muke zaunar da dattawa da iyaye mata masu goyo.

Za a ce ai biki ba zaman makoki ba ne, matasa kuma suna son su ji ganga a ƙirjinsu. Gaskiya ne, ba na kiran a mayar da dina ɗakin karatu. Sai dai tsabtataccen sauti yana motsa jiki ba tare da ya yi wa kunne rauni ba. Babban ɗaki ƙarin lasifiku yake buƙata, a rarraba su, kowace tana aiki daidai ƙarfinta. Tilasta wa guda biyu su yi aikin shida shi ke haifar da abin da na gani a daren nan.

A nan ne maganar ta dawo kanmu. Da yawa daga masu karanta wannan shafi su ne jami'an tsare-tsare, hadiman manya da 'yan kwamitin walwala da ke ɗauko DJ su biya shi. Muna tantance mai abinci, muna ƙirga kujeru, amma sauti sai mu bar wa sa'a. Ya kamata a shardanta gwajin sauti awa guda kafin baƙi su iso, a daidaita abin maganar masu jawabi daban da kiɗa, a ɗora lasifiku a kan ƙafafunsu sama da kawunan mutane, nesa da tebura. A sa mutum ɗaya ya riƙa zagaya ɗakin: idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tazarar hannu ɗaya da kai ya ji ka, sautin ya kai inda yake cutarwa. Lokacin cin abinci a sassauta. A kuma gaya wa DJ tun wurin ciniki cewa jar fitila idan ta zauna, ta taɓa cikon kuɗinsa.

Hukumar NESREA tana da dokokin taƙaita hayaniya tun 2009, amma jami'inta ba zai zo dinar ƙanwarka ba. Wanda ke riƙe da cikon kuɗi ya fi shi kusa da teburin DJ, kuma an fi jin maganarsa. Hausawa sun ce idan ganga ta cika zaƙi ta kusa fashewa. A ɗakunan taronmu kuwa, kafin gangar ta fashe, kunnuwan baƙinmu ne ke riga ta.