Daga Vespa zuwa roba-roba: a kula da ƙafar yaro



Dattawan Limawa ba za su manta da zamanin da Vespa ce abin hawan malamin makaranta da akawu a Jimeta ba. Kamfanin Piaggio na Italiya ne ya fito da ita a 1946. Wanda ya zana ta, Corradino D'Ascanio, injiniyan jirgin sama ne da ba ya son babur saboda ɓata tufafi. Sai ya rufe injin, ya raba ta da kaca, ya yi faffaɗan wurin ajiye ƙafa. Shi ya sa mai babbar riga ke hawa ya sauka tsaf. Lambretta ta biyo baya a 1947, sannan Honda ta Japan ta kawo Super Cub a 1958, kakar roba-robar da muke hawa yau.

Yanzu galibin baburanmu, irin su Boxer da Jincheng, salansarsu a fili take, a gefen dama, daidai inda ƙafar yaron da aka goya take lilo. Ƙunar salansa kuwa ba baƙuwa ba ce a kantin magani. Sau da yawa sai an kwana uku ana shafa man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja ko baƙin mai, wasu har su fasa kafso su barbaɗa, kafin a kawo yaron. A zafin Yola, ciwo ba ya jimawa yake ruɓewa.

Idan tsautsayi ya faɗa, ga abin yi:

A zuba ruwa mai sanyi mai tsabta a wurin har minti 20. Ban da ƙanƙara.

Kada a fasa bororo. A rufe da bandeji ko tsumma mai tsabta wanda ba ya mannewa.

A ba da farasitamol daidai da nauyin yaro, a kuma duba katin rigakafinsa saboda tetanus.

A tafi asibiti idan ƙunar ta kai faɗin tafin hannun yaron, ko wurin ya yi fari ko baƙi, ko ya fara ruwa da wari, ko zazzaɓi ya shigo. Mai ciwon suga kada ya jira ko kwana ɗaya.

Rigakafi dai ya fi magani. A hau babur ta hagu, a sauka ta hagu. A sa wa yaro dogon wando da takalmi, a sa hular kwano. Iyaye mata, a tattare hijabi da zani kafin a tashi, domin taya ba ta san na gida ba. Maigida kuma, in ka dawo daga kasuwa, salansa tana daɗewa ba ta huce ba. Ka ajiye babur nesa da mai rarrafe.

Allah Ya tsare mana zuri'a. Sai mako mai zuwa.