Kuɗin Sa Bai Cika Ba Sai An Canza Shi



Duk wanda ya kora dabba daga Nijar zuwa karar Maigatari, Illela, Jibiya ko Mai'aduwa, ciniki biyu yake yi: ɗaya da mai saye, ɗaya da ɗan canji. Na farkon mun iya shi, amma a na biyun ake cin mu. Mutum ya ga damin naira ya cika masa aljihu, ya yi ta murna, sai an mayar masa da ita sefa ya tarar ko kuɗin dusa bai fita ba.

Dalili shi ne kuɗin biyu ba tafiyarsu ɗaya ba. Sefa a ɗaure take da yuro tun 1999: yuro ɗaya sefa 655 ne da 'yan kai. Naira kuwa kasuwa ke juya ta, kuma ta faɗi ƙwarai bayan da gwamnatin Najeriya ta sake ta a watan Yuni na 2023. Ita ma sefa ta taɓa girgiza mu, a Janairun 1994 da aka raba darajarta biyu.

Ajiye naira a gida ma ganganci ne. A 1984 an sauya launin takardunta cikin gaggawa, iyakoki a rufe. A ƙarshen 2022 an sake fasalin 200 da 500 da 1000, tsabar kuɗi ta yi wuya a farkon 2023. Wanda ke daji bayan garke shi ne na ƙarshen jin labari.

Don haka muna kira: kafin ka sa wa sa suna, tambayi 'yan canji biyu ko uku nawa jika take ranar. Yi lissafi da sefa, ka cire la'adar dillali da kuɗin hanya, sannan ka sallama. Ka canza a yinin, ka ƙidaya da hannunka kafin ka tashi. In bashi za ka bayar, a yanke shi da sefa a gaban shaidu. In ta waya aka turo, kar a saki igiya sai kuɗi sun shigo.

Masu zuwa Cadi da Kamaru su lura: sefarsu da tamu daraja ɗaya, amma takarda daban, sai an canza, ɗan canji kuma zai cire nasa.

Shekaru ake yi ana kiwon sa. Kar wahalar ta tafi a rumfar canji. Allah ya sa albarka a dukiyarmu, amin.