RA'AYINMU: Na Ciki Ya Sha Hantsi, Na Waje Ya Nemi Inuwa



Yanzu da sanyi ya tafi, bazara ta kawo jiki, mun ga ya wajaba mu ja hankalin 'yan'uwa matasa a kan wani abu da muke tare da shi kullum amma muka raina lamarinsa, wato rana. Duk wanda ya zaga Zaitawa da maƙwabtanta a cikin birnin Kano zai tarar da mutane kashi biyu. Akwai waɗanda rana ke yini tana dukansu, kamar 'yan dako da masu turin baro a kasuwar Kurmi, da 'yan ga-ruwa, da leburorin gini, da almajirai. Akwai kuma waɗanda sai su yi mako rana ba ta taɓa fatarsu ba, kamar iyayenmu mata da tsofaffi da ƙananan yara. Dukkansu suna cikin haɗari, kuma matasan gida ne ke da ikon gyara lamarin, domin su ne ƙafar kowane gida da kowane taro.

Bari mu fara da na waje, don nasu haɗarin ne ke kisa nan take. Sanin kowa ne cewa a watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin Kano yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Allah Ya sanya jikin ɗan Adam yana sanyaya kansa ta hanyar gumi, shi kuwa gumi ruwa ne da gishiri suke fita. Idan mutum ya yi ta zubar da su bai mayar ba, sai ciwon kai da jiri da tashin zuciya su fara, jijiyoyin ƙafa su riƙa ɗaurewa, fitsari ya ragu ya koma ja. Wannan gargaɗi ne. Idan aka yi kunnen uwar shegu da shi, zafin cikin jiki yakan wuce digiri 40, ƙwaƙwalwa ta rikice, mutum ya fara sambatu ko ya yanke jiki ya faɗi. A wannan matakin ƙoda da zuciya da hanta duk suna iya lalacewa, kuma rai na iya fita cikin ɗan lokaci.

Wanda ke ganin muna zuzutawa ne ya tuna abin da ya faru a 2024. A ranar 3 ga Afrilu na shekarar, ana cikin azumin Ramadan, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma asibitin Gabriel Toure da ke Bamako ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 a kwanaki huɗu na farkon watan. Watanni biyu bayan haka, a aikin Hajjin 1445, zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya suka sanar da rasuwar alhazai 1,301, suka kuma ce mafi yawansu mutane ne da suka yi doguwar tafiya a cikin rana ba tare da mafaka ba. Allah Ya jiƙansu da rahama. Mutanen Mali ba baƙin rana ba ne, a cikinta aka haife su kamar mu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

To, a nan ne muke da magana da 'yan'uwa kai tsaye. Akwai wata fahimta da ta shiga zukatan wasu matasa, cewa jure wa rana alamar imani ce, neman inuwa kuwa raki ne. Sai ka ga ɗan'uwa ya tsaya gadin taro tun hantsi har la'asar, ba malafa ba ruwa, in aka ce ya koma gindin bishiya ya ce ai sahabbai sun fita yaƙin Tabuka cikin zafi. Haka ne, sun fita, domin wajibi ne ya kira su kuma babu wata hanyar. Amma Manzon Allah (S.A.W.) bai taɓa mayar da shan rana ibada ba. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi yana huɗuba sai ya ga wani mutum a tsaye, aka gaya masa Abu Isra'ila ne, ya yi bakance zai tsaya ba zai zauna ba, ba zai shiga inuwa ba, ba zai yi magana ba, kuma zai yi azumi. Sai Annabi ya yi umarni da ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, ya cika azuminsa kawai. Wato ya tabbatar masa da abin da yake ibada, ya soke abin da yake azabtar da kai ne. Haka nan Bukhari da Muslim sun ruwaito umarninsa na jinkirta sallar Azahar idan zafi ya tsananta har gari ya ɗan yi sanyi. A Hajjin ban-kwana kuwa, Muslim ya ruwaito cewa an ga Bilal da Usama tare da shi, ɗaya na riƙe da akalar taguwarsa, ɗayan ya ɗaga tufa yana kare shi daga zafi. Shin akwai wanda ya fi Manzon Allah jarumta a cikinmu?

Saboda haka ya kamata masu shirya tarurruka su ji tsoron Allah game da jama'ar da suka kira. Duk ranar Juma'a sahu yakan fito daga masallaci ya malala kan kwalta, kuma waɗanda ke zaune a wajen sun haɗa da dattawa masu hawan jini da ciwon sukari, da yara da aka riƙo hannunsu, daidai lokacin da rana ta fi ƙarfi. Kafa rumfa da ajiye randunan ruwa a irin wannan wuri aikin addini ne kamar share masallacin. Wa'azi da karatu da jerin gwano kuwa, in dai ba lokacinsu shari'a ta ƙayyade ba, babu abin da zai hana a mayar da su safiya ko bayan la'asar a watannin bazara.

Wajibi ne kuma kowane ɗan agaji ya san abin yi idan mutum ya faɗi. Abin da aka saba shi ne a yi masa zobe, wasu su ce iska ce, wasu su fara neman wanda zai yi ruƙya, alhali zafi na ci gaba da dafa shi. A ɗauke shi zuwa inuwa nan da nan, a sassauta masa tufafi, a kwarara masa ruwan sanyi a jiki, musamman wuya da hammata da matse-matsi, a yi ta yi masa fifita. In yana cikin hayyacinsa a ba shi ruwa, ko ruwan gishiri da sukari, kaɗan-kaɗan. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, don zai iya shaƙewa. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin. A garzaya da shi asibiti mafi kusa, kamar na Murtala, ana ci gaba da jiƙa shi a hanya, masu addu'a su yi addu'arsu ana tafiya. Mai azumin da ya kai ga tsoron halaka kuwa, malaman fiƙihu sun bayyana cewa wajibi ne ya sha ruwa ya rama daga baya.

Akwai kuma cutarwar da ba a ganinta sai bayan shekaru. Yawan shan rana na daga cikin abubuwan da ke gaggauta yanar ido, ƙarancin shan ruwa kuma na jawo tsakuwar ƙoda. Waɗanda suka fi kowa shiga uku su ne 'yan'uwanmu zabiya, domin fatarsu ba ta da sinadarin da ke ba tamu launi yana kare ta, don haka kansar fata ke yi musu mummunar ɓarna. Duk gidan da ke da yaro zabiya kada ya aike shi talla ko bara da rana. A sama masa malafa mai faɗi da riga mai dogon hannu, kuma duk gyambon da ya ƙi warkewa a kai shi ga likita da wuri.

Yanzu sai na cikin gida. Gidajenmu na da suna da tsakar gida buɗaɗɗiya, inda hantsi ke sauka a kan mai daka da mai wanki da yaro mai rarrafe. Yau iyali sun yi yawa, an yanka tsakar gida an yi ɗakuna, ɗan abin da ya rage an rufe shi da kwano, maƙwabci kuma ya ɗora bene. Alhali kuwa Allah Ya sanya fata tana haɗa bitamin D idan hasken rana ya taɓa ta, kuma da wannan bitamin ne hanji ke tsotsar sinadarin kalshiyam da ke gina ƙashi. Baƙar fata tana buƙatar lokaci fiye da fara kafin ta haɗa shi, hasken da ya ratso gilashin taga kuma ba ya yin wannan aikin. Idan aka rasa shi, ƙashin yaro yakan yi laushi ƙafa ta lanƙwashe, babba kuma ya yi ta fama da ciwon ƙashi da kasala.

Sai dai rana kaɗai ba ta isa ba. Wani bincike da likitoci suka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna cewa yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe sun fi samun sauƙi da aka ba su kalshiyam a kan waɗanda aka bai wa bitamin D shi kaɗai. Ashe ke nan da hantsi da abinci dole su haɗu. Nono, da madara, da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, da kuka, da zogale, duk suna ɗauke da shi, kuma ba su fi ƙarfin mai ƙaramin hali ba.

Babu wanda ya ce a keta sutura ko a fitar da mata titi. Abin da muke cewa shi ne, kafin a rufe tsakar gida a bar wa rana ƙofa. Inda aka riga aka rufe, a cire fallen kwano ɗaya ko biyu, ko a kewaye saman soro yadda mata za su hau ba tare da an gan su ba. Ɗan'uwa ya shimfiɗa wa kakarsa tabarma ta sha hantsi na ɗan lokaci, a mayar da ita kafin rana ta yi zafi. Jarirai kuwa ba a shanya su a rana, kuma wanda idonsa ya yi rawaya asibiti za a kai shi a ranar.

Mahukunta na da nasu alhakin, na ruwan famfo da wutar lantarki da dashen itatuwa, kuma ba za mu gaji da tuna musu ba. Amma rumfa ɗaya, da randa biyu, da dashen darbejiya a ƙofar masallaci, ba sa buƙatar sa hannun kowa. Muna kira ga 'yan'uwa na kowace unguwa su zauna a wannan makon su raba wannan aikin a tsakaninsu, don Juma'a mai zuwa kada a bar dattijo ko ɗaya a kan kwalta ba inuwa.

Allah Ya sa mu a inuwar Al'arshinsa ranar da babu wata inuwa sai ita.