Zancen Kasuwa: Wanda Ya Sayar da Sunansa

A duniyar yau da wuya a samu gidan abinci da ya kai McDonald's suna, domin rassansa sun haura 40,000 a cikin ƙasashe fiye da 100. Sai dai mutane biyun da kamfanin ya ci sunansu ba su ne suka sha romonsa ba.

Maurice McDonald da ƙanensa Richard sun buɗe gidan abincinsu a garin San Bernardino na Amurka a shekarar 1940. A 1948 suka sake tsari: suka rage yawan kalolin abinci, suka karya farashi, kuma suka raba aiki, wannan yana gasa nama, wancan yana sa shi cikin burodi, wani yana naɗewa. Mai saye ba ya jira. Nan da nan ciniki ya buɗe.

A 1954 wani dillalin injunan kaɗa madara mai suna Ray Kroc ya ziyarce su, ya nemi izinin buɗe rassa da sunansu. Ya buɗe nasa na farko a 1955. Riba ba ta zauna masa ba sai da abokin aikinsa Harry Sonneborn ya ba shi shawarar kamfani ya riƙa mallakar filaye, yana bai wa masu rassa haya. Har yau kusan kashi 95 cikin 100 na rassan 'yan kasuwa ne ke riƙe da su, suna biyan kuɗin haya da wani kaso na cinikinsu.

A 1961 Kroc ya saye kamfanin da dalar Amurka miliyan 2 da dubu 700. 'Yan'uwan sun riƙe gidansu na asali, amma ba su da ikon rubuta sunan mahaifinsu a ƙofarsa, dole suka sake masa suna Big M. Kroc ya buɗe reshe kusa da su, masu saye suka bi sunan da suka sani, kasuwar masu asali ta mutu.

To, alhazai da ma'aikata, abin lura shi ne, gwanintar hannu ana iya koyonta, amma suna da fili, wanda takarda ta ba shi shi ke da su. Kafin mutum ya sa hannu kan yarjejeniya, ya tambaya: bayan ciniki, sunan na wa ne?