Gara Na Cin Sunayen Kakanninmu, Mu Muna Kirarin Bagadaza

Tambayi ɗan boko daga kowane ƙauye a ƙasar Hausa sunan kakan kakansa, ka ga inda-inda. Amma tambaye shi asalinsu, nan take baki zai buɗe: daga Bagadaza suka zo, ko Yaman, ko kuma su sharifai ne. Mutum bai san wanda ya sare gonar da yake ci ba, amma ya haddace hanyar da ta kai shi Gabas. Wannan abin kunya ne, kuma ba talaka kaɗai zan ɗora wa laifin ba.

A Ingila, tun 1538 Thomas Cromwell ya umarci kowane coci, har na ƙauyen ƙayau, ya riƙa rubuta wanda aka yi wa baftisma, da wanda aka ɗaura wa aure, da wanda aka binne. Daga 1598 aka ce a riƙa kwafa a kan fata, a kuma aika wa bishof kwafi. Shi ya sa jikan manomi a can yake iya bin salsalarsa shekaru aru-aru. Dabarar ba ta wuce littafi, da akwati, da kwafi na biyu ba.

Kada wani ya ce mu ba mu da rubutu. A zamanin En'e, malaman haraji sun riƙa bin gunduma ƙauye-ƙauye suna rubuta sunayen masu biya, ga kuma lissafin jangali. Di'o-Di'o sun rubuta rahoton gundumomi, da tarihin kafuwar garuruwa da jerin dagatai. Mafi daraja shi ne kundin kotun alƙali, domin littafin haraji maza yake ƙirgawa, amma a rabon gado sai an ambaci matan mamaci da 'ya'yansa mata, da gonakinsa da masu iyaka da su. Nan kaɗai za ka iya cin karo da sunan kakarka a rubuce.

To ina waɗannan takardu? Abin da ya kai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ko Gidan Arewa da Farfesa Abdullahi Smith ya assasa a 1970, ya tsira. Sauran fa? Da aka rushe En'e a gyaran ƙananan hukumomi na 1976, sannan gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali a Kano da Kaduna, sai littattafan suka zama marayu. Soke harajin alheri ne, amma barin kundinsa a sito mai yoyo, gara da ɓera suna walima, sakaci ne tsagwaronsa. Ciyaman yana da kuɗin sabuwar mota da na allon da ke ɗauke da hotonsa, amma kabad ɗin ƙarfe ɗaya ya gagare shi!

Kuma muna biyan farashin kullum. 'Yan'uwa suna shafe shekaru a kotu kan iyakar gona, bayan dattijon da ya san inda aka shuka gamba ya riga mu gidan gaskiya. Matasa suna layin rantsuwar shekaru saboda ba wanda ya rubuta ranar haihuwarsu. Tsofaffin da ke auna shekaru da yunwar Kakalaba ta 1914 sun ƙare ba mu ɗauki bakinsu ba. Baba ta Karo ma, da Mary Smith ba ta zauna ta rubuta labarinta ba, har ya fito a 1954, wa zai san ta yau?

Saboda haka hakimai da dagatai, Allah ya ba ku nasara, sarauta ba hawan sallah kaɗai ba ce: ku fito da abin da ya rage a ɗakunanku. Kowace ƙaramar hukuma ta ɗauki hoton tsofaffin kundayenta shafi-shafi, ta ajiye kwafi a wuri biyu, ta bar jama'a su duba ba tare da cin hanci ba. Kai kuma mai wayar da ke ɗaukar bidiyon biki, tafi wajen gwaggonka tun tana da rai, ka tambaye ta wa ya haifi wa, ka rubuta.